Hoton da Ya Kori Rifkatu

Akwai wata yarinya da ta bar ƙauyensu ta tafi jami'a a birni, inda ba ta san kowa ba. Aka haɗa ta ɗaki da wata ɗaliba mai suna Rifkatu, gadon wannan yana duban na waccan.

Kaɗaici ya dame ta ƙwarai, kunya kuma ta hana ta faɗa. Sai ta koyi wata dabara. Duk inda ta ga ɗalibai sun jeru za a ɗauke su hoto, a ƙofar aji ko bayan sujada, sai ta raɓa gefe ta washe haƙora. Ta ɗora hoton a shafinta, ta rubuta, "Ni da mutanena." Mutanen nata kuwa ko sunanta ba su sani ba.

Rifkatu takan dafa taliya ta juya baya ta ci, idonta a kan waya. Yarinyar takan so ta yi mata magana, sai ta ce a ranta, "Hira take da ƙawayenta, kada in dame ta." Haka suka yi wata huɗu, gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Wata Asabar ta dawo daga ɗiban ruwa, ta tarar Rifkatu ta naɗe katifa, ta ɗaure kayanta.

Ta ce, "'Yar'uwa, ina zuwa haka?"

Rifkatu ta ce, "Gida. Na bar karatun, ba ni da kowa a nan. Kullum hotunanki nake kallo, in ce ke kam Allah ya ba ki jama'a, me za ki yi da irina?"

Yarinyar ta dire bokitin, ta fashe da kuka. "Ban san ko ɗayansu ba. Ni ma ba ni da kowa."

Suka rungumi juna. Amma Rifkatu ta riga ta sa hannu a takardar barin makaranta, mota kuma tana jiranta. Ta tafi.

To, ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Hoton shi ne fuskar da muke nuna wa duniya don kada a gane muna cikin damuwa. Yarinyar nan tausayi take ba ni, gama ba mugunta ta yi ba, tsoro ne. Duk da haka, wanda ya ɓoye kaɗaicinsa yana rufe wa maƙwabcin da Ubangiji ya aiko masa ƙofa. Ku da za ku koma makaranta, kowa ya ajiye waya ya tambayi ɗan ɗakinsu yadda yake ji. Ka tambaye shi yau, tun bai ɗaure kayansa ba.