Jatau Mai Cin Gari

Ga ta nan, ga ta nanku, ku masu surutu.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To, a rufe baki.

An yi wani mutum, Jatau, sana'arsa kacici-kacici. Kasuwa-kasuwa yake bi da 'yar gangarsa, ya tara jama'a, ya jefa musu tambaya. Kun san dokar wasan: in an kasa, sai a ba shi gari, ya cinye shi da baki, sannan ya faɗi amsa. Haka ya ci Kano, ya ci Zazzau, ya ci Gobir, ana ta yi masa tafi. Kansa ya kumbura.

Ran nan ya dawo ƙauyensu, Marke, ranar kasuwa. Ya buga ganga, aka kewaye shi. Har mahaifiyarsa Tsahara ta bar rumfarta ta zo kallo.

Ya ce, "Baƙona ya zo ba ƙafa, ya tafi ba sallama."

Mahauci ya ce iska. A'a. Wanzami ya ce ruwan sama. A'a. Mai gishiri ya ce zazzaɓi. A'a.

Suka ce, "Mun ba ka Katsina."

"Na ci ta bara."

"Mun ba ka Daura."

"Loma ɗaya ce."

"To, ga Agadas, mai ciki kamar rumbu!"

Ya ce, "Marke nake so."

Tsahara ta ce, "Kai, Jatau! Ba a cin garin da aka binne cibiyar mutum. Tun kakanni ba a yi. Karɓi Agadas, ka rufa mana asiri."

"Haba Inna, wasa ne fa. Kanon da na ci, ba tana nan ba?"

"Kano ba taka ba ce."

Amma ƙwaɗayin jin amsa ya kama mutane. Mahauci ya ce, "Tsohuwa, matsa can. An ba ka, faɗi mu ji!"

Jatau ya rufe ido yadda ya saba, ya daki ganga.

"Na ci Marke da rijiyarta!"

Jama'a suka amsa, "Ci!"

"Na ci rumbuna da awaki!"

"Ci!"

"Na ci mutanenta, yaro da babba!"

Shiru.

Ya buɗe ido. Fili fetal, ba rumfa, ba rijiya, ba kowa. Ya kira, "Inna! Inna!" Ya yi gabas a guje, ya yi yamma. Ya ɗaga murya, "Barci ne! Amsar barci ce! Ku fito mana!" Ba wanda ya fito. Ya zura yatsa a maƙogwaro, ya yi ta kakarin amai har rana ta faɗi. Yawu kaɗai ya zubo.

Ku ji ni da kyau. In babba ya ce abu ba a yi, ba sai ya faɗa muku dalili ba. Mutanen Marke ma ba na tausayinsu, da bakinsu suka bayar. Tsahara ce kawai ta tafi a banza, don ta haifi ɗan da ba ya ji.

Ƙurunƙus, kan ƙadangare. Kada in ji wani ya ce a ƙara.