Gyaranki Na Gidan Ciyaman

Wai an yi wani Ciyaman da ya ɗora wa kayan miya haraji. Ya tara 'yan kasuwa ya ce, "Kowa zai biya, amma ban yarda a ƙara farashi ko a rage kashi ba."

Tabawa mai tumatir, wadda ribarta iyakar tuwon dare ce, ta miƙe.

"Ranka ya daɗe, to daga ina kuɗin zai fito?"

"Ke ta shafa, Inna."

"Ɗan gyaran nan da nake ƙara wa mai saye bayan ciniki fa, dole ne ko kyauta?"

"Kyauta mana."

"Madalla. Shi zan sayar in biya ka. Duk wadda ta ce, 'Tabawa, gyara mini,' sai in ce gyaranki na gidan Ciyaman, ɗauki kwano ki je."

"Su wa za su zo?"

"Duk matan da suka zaɓe ka. Hajiya mahaifiyarka ce ma a gaba, don ita sai an gyara mata sau biyu take tafiya."

Ciyaman ya ture hula ya sosa ƙeya.

"Sakatare, soke dokar nan. Sauran matan zan iya lallashinsu, amma Hajiya in ta shigo da kwano, har tukunyar gidana sai ta kwashe."