Jirgin Tsibiri Mai Filafilai Tara

Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku.

Ta iso mu ji ta, Kaka.

To ku zauna da kyau, akwai ƙidaya a cikinta.

Wani tsibiri ne a tsakiyar kogi. Birai arba'in ke zaune a kansa, da awaki talatin, da bushiyoyi ashirin. Casa'in ke nan. Kowace damina kogi yakan cika ya shanye tsibirin, sai kowa ya shiga jirgi a ƙetare. Jirgin ɗaya ne tak. Filafilansa na tuƙi guda tara.

Al'adarsu kuwa, wanda ya fi yawa shi ke riƙe filafilai duka. Birai sun fi yawa, saboda haka taran nasu ne. Kullum gaɓar itatuwa suke nufa, gaɓa mai tsayi, mai santsi. Biri ya kama reshe ya haye. Akuya ta yi tsalle ta haye da ƙyar. Bushiya kuwa, ƙafarta gajera ce.

Akwai wata uwar bushiyoyi, ana ce mata Inna Bushiya. Damina ta farko, mijinta ya zame, ruwa ya tafi da shi. Ta biyu, ƙanwarta. Ta uku, ɗanta na fari. Saura 'ya'ya uku. Ta ƙirga su da safe, ta ƙirga su da rana, ta kasa zama.

Hadari ya fara haɗuwa. Ta tafi wurin Bunsuru, shugaban awaki.

Ta ce, "Baba Bunsuru, ku da mu hamsin ne. Su arba'in. Ina filafilinka?"

Bunsuru ya tauna, ya tauna, ya ce, "Ban taɓa haɗa mu wuri ɗaya na ƙirga ba."

Ranar tura jirgi, awaki suka kwanta, bushiyoyi suka dunƙule. Birai suka tura, jirgi bai motsa ba. Suka sake, bai motsa ba. Na uku, Babban Biri ya zauna yana haki.

Ya ce, "Ke mai ƙaya, me kike so?"

Ta ce, "Yaya Biri, kowane goma su riƙe filafili ɗaya. Ku huɗu, awaki uku, mu biyu."

Ruwa ya riga ya taɓa masa wutsiya. Ya ce, "Na yarda. Ku tashi."

Aka loda guzuri, gyaɗar birai, harawar awaki, ƙwaryar garar bushiyoyi. Aka shiga. Ran nan ne bushiya ta fara riƙe filafili tun da aka sassaƙa jirgin.

Birai suka ce gaɓar itatuwa. Awaki suka ce gaɓar ciyawa. Bushiyoyi suka ce gaɓar yashi, mai laushi, ko da ta fi kowace nisa. Kowa ya tuƙa inda ransa ke so.

Jirgi ya juya. Ya juya, ya juya. Ruwa ya shigo har idon sawu. Aka zubar da harawa don a rage nauyi.

Babban Biri ya matso, murya ta yi taushi. Ya ce, "Inna, ki ba ni biyun nan naki. In mun isa, mu goya ku mu hau da ku."

Ta ce, "Wane ne cikinku zai fara goya ni?"

Biri ya dubi ƙayoyinta, ya dubi 'yan uwansa. Kowa ya sunkuyar da kai yana sosa ciki.

Jirgi ya juya. Ya juya, ya juya. Ruwa ya kai gwiwar akuya. Aka zubar da gyaɗa.

Bunsuru ya matso. Ya ce, "Inna, tare muka fara abin nan. Ki zo mu tafi gaɓar ciyawa."

Ta ce, "Ciyawar da ta fi ni tsayi, ku tattake mu ba ku sani ba?"

Ya ce, "Za mu riƙa duba ƙasa."

Ta ce, "Kai da ba ka ganin komai in kana ci?"

Bushiyoyi suka yi dariya. Suka ce, "Riƙe wuta, Inna. Yau manya ke roƙonmu. Yashi ko babu." Ita ma abin ya yi mata daɗi, ba zan ɓoye muku ba. Wanda aka daɗe ba a tambaye shi ba, ran da aka tambaye shi yakan ja rai.

Jirgi ya juya. Ya juya, ya juya. Aka zubar da ƙwaryar gara. Inna Bushiya ta waiga. 'Ya'yanta uku sun hau kan juna, na ƙasa ruwa ya kai masa hanci.

Daɗin ya fita. Ta duba gabas, ta duba yamma. Ga wata gaɓa kusa, wadda ba wanda ya ambata: taɓo ne, shimfiɗaɗɗe, da tsamiya guda ɗaya da 'yar ciyawa tsilli-tsilli.

Ta raɗa wa Biri, "Biyu da uku biyar. In na bi Bunsuru, za ka yi damina inda babu ko kututture. Can kuwa akwai tsamiya."

Ta raɗa wa Bunsuru, "Biyu da huɗu shida. In na bi Biri, gaɓa mai santsi ce kuma. Can kuwa akwai ciyawa."

Biri ya yi tsaki, ya juya filafili. Bunsuru ya yi tsaki, ya juya filafili. Filafilai tara suka shiga ruwa lokaci ɗaya. Jirgi ya miƙe.

Suka sauka cikin taɓo, ba guzuri. Birai arba'in a tsamiya ɗaya, suna faɗa kan reshe. Awaki sun cinye ciyawar kafin la'asar. Bushiyoyi na gunagunin yashi. An sha yunwa a daminar nan, yunwa sosai.

Wata tsohuwar akuya ta ce, "Da, in an wahala mun san wanda za mu zaga. Yanzu wa ya kawo mu nan?"

Biri ya nuna Bunsuru. Bunsuru ya nuna Bushiya. Bushiya ba ta ɗaga kai ba, tana ƙidaya. Ɗaya. Biyu. Uku. Ta sake daga farko. Uku. Sannan ta bi gaɓa ta ƙirga kowa da kowa. Casa'in.

Ƙurunƙus, na ɗaure ta a gindin tsamiyar nan.

Abin da ke ciki shi ne, in mai yawa ya riƙe duka, ana saurin isa, amma ƙanana ke zamewa. In an raba wa kowa gwargwadon yawansa, ba wanda ake bari a ruwa, amma ana daɗewa ana juyi, ƙarami yakan sami ƙarfin da ya fi yawansa, a kuma sauka inda ba wanda ya zaɓa. Wanne ya fi, ni na tsufa ban gama aunawa ba. Ita dai Inna Bushiya uku ta shiga da su, uku ta fito da su.