Ruwan Rijiyar Hruska a Kwalbar Jaririya

Cikin dukan yaran da suka bi ta hannuna a tsawon shekarun da na shugabanci makarantar garinmu a nan jihar Nebraska, ban ga mai ƙwazon aiki kamar Eldon Hruska ba, ban kuma ga wanda girman kai ya yi wa katutu kamarsa ba. Manomin masara ne kamar ubansa. Yana taƙama da cewa duk sabon abin da ya fito, shi ne farkon mai shigo da shi gundumarmu. Ya fi taƙama kuma da rijiyar da kakansa ya haƙa kusa da garken shanu, wadda yake cewa ko a birnin Omaha babu ruwa mai daɗin nata.

Matarsa Lorna, wadda ita ma na koyar da ita, ta haifi 'ya mace, aka sa mata suna Darlene. Nono ya zo mata sosai, jaririyar kuma tana kamawa. Ranar Lahadin da aka yi wa yarinyar baftisma aka gayyace ni cin abinci, kamar yadda ya dace da matsayina. Ana tsakiyar ci jaririyar ta yi kuka, Lorna ta miƙe za ta shiga ɗaki. Sai Eldon ya jawo wani kwali cike da kwalabe da gwangwanayen madarar gari.

"Zauna ki ci kazarki, Lorna," in ji shi. "Shanun tatsa suna waje. Daga yau kwalba za ta sha."

"Ai tana ƙoshi, Eldon. Ni kuma ban ce na gaji ba."

"Matar likita kwalba take bai wa nata. Da me ta fi ki?"

Na ajiye cokalina, na soma bayani a kan abin da Mahalicci ya tanadar wa jariri a jikin uwarsa. Ban kai rabin jimlata ba ya katse ni.

"Mista Pokorny, ba raini ba, amma kai ko kyanwa ba ka taɓa reno ba. Ƙara dankali."

Baƙi suka yi dariya. Lorna ta koma ta zauna.

Bayan wasu makonni Misis Dvorak, ma'aikaciyar jinya da ke zagaya gonaki duba masu jego, ta je gidan. Ita ce ta ba ni labarin daga baya. Ta tarar da Eldon a kan tarakta, ta roƙe shi ya bar ta ta ɗebi ruwan rijiyar a kai a auna.

"Ba kwalbar nake hanawa ba," in ji ta. "Amma taki da fitsarin shanu suna tsatsafowa cikin rijiyoyin yankin nan. Babba ba ya ji a jikinsa, jariri kuwa yana ji."

"Ruwan nan shi ya raini ubana, shi ya raine ni. Dubi kafaɗata, ko kin ga alamar ciwo? Kuma muna tafasa shi."

"Ai tafasawar ce ma..."

Ya tayar da tarakta, ƙarar ta haɗiye sauran maganar, ya shige gona.

Lokacin girbi leɓɓan jaririyar suka soma yin shuɗi, barci ya yi mata yawa, kukanta ya ragu. Eldon ya ce sanyi ne, ko kuma Lorna ba ta barin ruwan ya tafasa sosai. Ya umarta a riƙa barinsa a wuta har ya kusa ƙonewa. Lorna ta bi umarnin da iyakar kulawarta.

Wata rana da la'asar na biya gidan. Na sami Lorna zaune a ɗakin girki, ta manna yarinyar a ƙirjinta. Ko rufe jikinta ba ta yi ba da ta gan ni.

"Babu komai, Mista Pokorny," in ji ta. "Tun safe nake matsawa. Ya ƙafe."

Yatsun yarinyar sun koma launin toka. Eldon yana can ƙarshen gona, inda kira ba ya kaiwa. Na sa su a tsohuwar motata muka kama hanyar asibiti, hanya mai nisa, ba kwalta. Lorna tana ta kiran sunan 'yarta a hankali. Ni kuwa abin da na iya kawai shi ne riƙe sitiyari.

Likita ya ɗebi jinin jaririyar, ya fito ruwan ƙasa kamar cakulan. Sun yi abin da za su iya, amma mun makara. Kafin rana ta faɗi Darlene ta rasu.

Eldon ya iso da kayan gona a jikinsa. Likitan ya gaya masa cewa gishirin taki ne a cikin ruwan ya hana jinin ɗaukar iska.

"Amma mun tafasa, likita. Ni da kaina na ce a daɗe ana tafasawa."

"Tafasawa ruwan take ragewa, gishirin yana nan, sai ma ya ƙara ƙarfi. Da nono take sha, da bai kai gare ta ba."

Eldon ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin da matarsa take, ya kasa shiga. Ya juyo ya kama hannun rigata kamar ɗan aji ɗaya.

"Kai ka iya magana, Mista Pokorny. Shiga ka faɗa mata wani abu."

Na shiga. Na ja kujera na zauna kusa da ita.

Darasin da nake so mai karatu ya riƙe shi ne wannan. Uwar da take da nono, take kuma son shayarwa, kada kowa ya raba ta da jaririnta saboda neman burgewa, domin nonon da ya ƙafe ba ya dawowa ranar da aka neme shi. Wadda larura ta sa ta ba da kwalba ba ta yi laifi ba, amma wajibi ne a auna ruwan da za a haɗa madarar da shi. Mai gida kuma, idan masu sani suna magana a kan lafiyar ɗansa, ya tsaya ya saurara har su kai ƙarshe.