Cutar Rini a Gidan Kuluwa

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun baza kunne.

A wani gari can bakin daji akwai wata tsohuwa, sunanta Kuluwa. Sana'arta saƙar faifai. Takan rina kaba da galura, ja da kore da shuɗi, ta saƙa ta kai kasuwa. Ba ta da abokiyar hira a gidan sai kazarta guda.

Ana nan sai Kaza ta ƙyanƙyashe 'ya'ya cike da akurki. Sai Shirwa ta sauko daga sama, fyuu, ta sure ɗaya. Sai Tunku ya biyo ta rariya ya ja ɗaya. Sai Muzuru ya tsallako danga ya yi gaba da ɗaya. Yau haka, gobe haka, har suka rage 'yan kaɗan.

Sai Kaza ta zo ta tsaya gaban Kuluwa tana huci. Ta ce, "Iya, na gaji. In aka ƙara ɗaukar mini ko ɗaya, zan kwashe sauran in bar miki gidanki."

Kuluwa ta ce, "Haba 'yar nan! In kin tafi, da wa zan yi gulmar maƙwabta?"

Suna cikin haka sai wani ɗan tsako mai rawar kai ya faɗa cikin ƙwaryar galura, tsundum. Ya fito ja wur, yana tafiya yana taƙama. Kuluwa ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi. Can sai ta dubi ɗan tsako, ta dubi sama. Sai ta kama sauran, ta tsoma wannan a kore, wancan a shuɗi. Ta raɗa wa Kaza magana a kunne.

Da hantsi sai ga Shirwa ta sauka kan danga. Ta leƙa, ta murza ido. Ta ce, "Ke Kaza, ina 'ya'yanki? Waɗannan mene ne ke yawo kamar faifai ya yi ƙafa?"

Kaza ta fashe da kuka. "Wayyo Yaya Shirwa, su ne! Cutar rini ce, tun suna ƙwai suke ɗauke da ita. Duk wanda ya ci ɗaya ya ɗauka. Daga ciki take farawa, sannan ta fito jiki."

"Sai kuma me?"

"Sai mutum ya fara tonon ƙasa. Sai ya fara kukan kaza. Daga nan sai ƙwai."

Shirwa ta ja da baya. Ta ce, "Ni dai ban taɓa ci ba. Wata ƙanwata ce mai kama da ni." Ta tashi a karkace, ta je daji ta gaya wa Tunku da Muzuru.

Tunku ya ce, "Shirme! Bari in gani da idona." Ashe Kuluwa ta tuttular da sauran shuɗin a rariya. Tunku ya kutso ta ciki, ya fito tsakar gida. Kaza ta dafe ƙirji ta ce, "Malam Tunku, har ta fito maka?" Ya duba cikinsa, shuɗi shar. Ko sallama bai yi ba.

Muzuru ya ce, "Matsoracin banza, ku tsaya nan." Ya tsallako danga, ya dira kan jiƙaƙƙiyar kabar da Kuluwa ta shanya. Kaza ta ce, "Sannu Baba Muzuru, taka ja ce ashe. Ta yi maka kyau." Ya dubi ƙafafunsa, ya dubi wutsiyarsa, ya arce har da tuntuɓe.

Suka haɗu gindin tsamiya. Muzuru ya hau goga ƙafa a ƙasa don jan ya fita. Shirwa ta yi ihu daga reshe, "Ga shi nan, ya fara tono!" Tsoro ya sa wa Tunku shaƙuwa, ya yi "ƙut, ƙut!" Muzuru ya yi tsalle gefe ya ce, "Kun ji? Wallahi ƙwai zai yi!" Tunku ya waiga yana duba bayansa.

Shirwa ta ce, "Alhamdu lillahi, ni dai babu komai jikina."

Tunku ya ce, "Ƙut! Ke da kika fi kowa ci? Taki tana ciki tana nuna. Ranar da ta fito, launi uku za ki yi."

Tunku da Muzuru suka faɗa rafi, suka yi ta wanka suna rantsuwa, in sun warke sun bar naman kaza sun koma cin ɓeraye. Launi ya fita, suka ce Allah ya karɓi tubarsu. Shirwa kuwa ba ta da abin wankewa, don haka ba ta taɓa sanin ko ta warke ba. Har yau in ta hango ɗan tsako rinanne, sai ta yi ta kewayawa a sama tana kuka, tana leƙa ƙarƙashin fiffikenta, ta wuce.

'Ya'yan Kaza suka girma kaf, ba wanda ya ƙara ɓata, Kaza kuma ta yi zamanta.

To kun ji, yara. Wanda ba shi da ƙarfin kare nasa, ya yi dabara. Mai cin abin mutane kuwa ba wuya a tsorata shi, don shi ya san abin da ke cikinsa.

Ƙurunƙus, kan ɗan tsako kore.