Tukunyar Matar Kare

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, in dai sabuwa ce.

Kare akwai shi da saurin gundura. Sai matarsa ta ɓoye kayan wasansa a tukunya. Duk ranar kasuwa ta ciro ɗaya, ta mayar da wancan.

Rannan ya yi wa Kyanwa alfahari: "Dubi sabon takalmin da uwargida ta sayo mini in gwaguya."

Kyanwa ta ce, "Sabo? Wannan shatin haƙoran mai giɓi fa, na wane ne?"

Kare ya taɓa giɓinsa da harshe. Ya koma gida ya ce, "Uwargida, mayar da shi tukunya. Na san kaina, kafin kasuwa ta zagayo na manta."

Ƙurunƙus kan takalmi. Ni ma tatsuniyoyina a tukunya suke, wannan ta bara ce.