"Da Sauƙi" Da Sabuwa Ta Ce A Asibiti

Admin don girman Allah kar ka sa sunana. Wanda ya gane ni ma ya yi shiru, in aka ji a gidan nan na shiga uku.

Akwai wata mata da ta je neman aiki wata ƙasa, tana guga a ɗakin wanki na wani otal. Sabuwa ake ce mata, don ita ce ƙarshen zuwa. Mijinta lebura ne a wani gari can. Tana da ciki, amma kullum sai ta ɗaure shi tamau da tsohon zanin gado, don duk wadda aka ga cikinta korarta ake.

Shugabar masu gugar 'yar garinsu ce, Anti Mai Baki. Ita kaɗai ke jin yaren ƙasar, shi ya sa take taka kowa.

Ana nan ƙafafun Sabuwa suka kumbura har silifas ya daina shiga. Kai na sara mata, ido na ganin dishi-dishi. Ta roƙi Anti ta raka ta asibiti.

"Kin zaci ban san abin da kike ɗaurewa ba?" in ji Anti. "Ni na yi miki shi? Aiki kika zo ko haihuwa? Ji ƙafa kamar ta giwa."

Sai da sauran matan suka ajiye dutsen guga suka zuba mata ido, sannan ta ja tsaki ta ɗauki jaka.

A asibiti layi har bakin ƙofa. Nas ta yi tambaya da yarensu. Anti ta ce, "Wai ya jiki."

Sabuwa ta sunkuyar da kai ta ce, "Da sauƙi."

Kun san dai mu, ko mutum na bakin mutuwa haka zai ce. Anti ma ta sani sarai. Amma ta juya ta ce wa nas wai ta warke, gajiya ce kawai. Zancen ciki kuwa, ko tari ba ta yi ba. Aka ba su maganin ciwon kai, suka koma kan zannuwa.

Bayan kwana biyu Sabuwa na tsaye cikin tururi, sai ta ga bango na juyawa, kuma tun safe ɗan bai motsa ba. Ta ajiye dutse ta nufi ƙofa.

"In kin fita kar ki dawo, 'yar ƙauye! Da wane baki za ki yi musu magana?" in ji Anti.

Ba ta waiga ba. Da ta isa asibiti, ta zauna dirshan a gaban nas ɗin, ta kwance zanin gadon, ciki ya fito. Ta kama yatsan nas ta danna a ƙafarta, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Nas ta auna jininta, ta ƙwala wa likita kira. Ranar aka yi mata aiki, aka ciro namiji ɗan mitsitsi, aka sa shi a kwalba.

Sai ga Anti, ko sannu babu.

"Manaja ya ce ki dawo gobe ko a ba wata teburinki. Kuma kika ce a otal kike aiki, wallahi sai na sa an mayar da ke gida, ke da ɗan ɓeran naki."

Tana faɗa tana wa nas murmushi, wai gaisuwa ta zo. Ba ta lura da wayar da ke kan filo ba. Ashe asibitin na da wata mai fassara da suke kira a waya, kuma tana kan layi.

Sabuwa da ba a taɓa jin muryarta sama ba ta ɗauki wayar.

"Yaya, kin ji ta? Faɗa musu duka, kar ki rage ko ɗaya. Zan gaya miki abin da ta yi min rannan ma, ki haɗa da shi."

Masu gadi ne suka fitar da Anti, jakarta na jan ƙasa. Asibiti ya kai maganar ofishin ma'aikata, otal ya ce shi bai san komai ba, ya sallami Anti. Yaron ya rayu, yanzu har rarrafe yake.

Darasi: In Allah ya ba ka baki a ƙasar mutane, amanar 'yan uwanka ce, ba sanda ba. Ke kuma mai ciki, gaban likita ba wurin kunya ba ne, faɗi inda ke miki ciwo. Ku tura wa duk wadda kuka sani tana aiki a waje, don akwai wata ma yanzu haka da take ɗaure nata, kuma wallahi ina jin tsoron

ga wani nan yana hawowa bene bari in ɓoye wayar